Awon Keken Baldomero

Baldomero ya shigo shagona da sassafe,
garin fulawa a gira, ƙamshin tanderu a riga.
Shekara talatin da ɗaya yana hawa da burodi
kan tuddan Valparaíso,
sai bana gwiwa ta ce masa, iyakarmu ke nan.

Ban nuna masa na jikin bango ba.
Igiyar awo na ɗauko, kamar tela:
daga dunduniya zuwa kwankwaso,
daga kafaɗa zuwa inda yatsa ke kama birki.

Na ce, ƙashin keken zan kwantar da shi ƙasa,
ba sai ka ɗaga ƙafa kamar mai tsallake katanga ba.
Inji a tsakiya, gindin feda,
wat ɗari biyar, ba ya kururuwa,
gunaguni kawai, irin na zuma a amya.
Batir mai bolt arba'in da takwas,
a rufe ruf, don iskar tekun nan
cin ƙarfe take yi kamar gara ta samu azara.
Caji awa biyar, kana barci yana sha.
A miƙaƙƙiyar hanya, kilomita saba'in.
Amma wa ya taɓa ganin miƙaƙƙiya a garin nan?
Ka lissafa arba'in.

Ya ce, “Casilda, hawa bai dame ni ba.
Gangara fa, da kwando biyu a baya?”
Na ce birkin mai ne, faifai gaba, faifai baya,
taya mai faɗin yatsu huɗu,
ko an kwana ana ruwa, tana riƙe dutsen titi.

Da ya ji kuɗi, sai ya dubi rufi.
Na ce akwai haya. Ɗauki shuɗin can,
mako guda, peso dubu talatin,
in jininku ya haɗu, a cire daga farashi.

Ran Laraba na hango shi can sama,
karnukan da suka saba cim masa
sun sare a rabin tudu, harshe a waje.

Ran Asabar ya dawo,
ya dire burodi shida masu zafi kan teburin walda.
Ya ce, “A fara nawa. Fenti kore.
Kuma a ɗaura min tsohuwar ƙararrawata,
wannan abin naki ya cika shiru,
matan unguwa ba sa sanin na iso.”