Albasar da Ba a Ci

Babana Arzika mutumin Galmi ne,
ƙasar da albasa ke gina soro, ta kai mutum Makka.
Ya zo Yamai da buhu wofi,
ya ƙare da kiwon albasar da ba ta san tukunya ba.
Ƴan garinsu in sun sauke kaya a Katako
sai sun biyo ta Yantala sun tsokane shi:
"Arzika, wannan ta miyar wa ce?"
Shi rumana yake ce mata.
Masu mota su ce gilayel, su miƙo jika biyu ta taga.

Bana ni na binne su,
washegarin daren da muka fara neman bargo.
"Tsini sama, gindi ƙasa, zurfin tafin hannu,
ki ba su tazarar maƙwabtan da suka taɓa faɗa
amma ba su daina gaisawa ba."
Daga kan tabarma yake magana,
don idonsa ya tafi, damina biyu ke nan.

Kwana saba'in ina kwaso kogi a bokiti.
Ganye ya miƙe kamar takubba,
babu fure, babu labarinsa.
Na ce, "Baba, sun ci amana."
Ya ce, "Taɓa tsakiya."
Na taɓa. Wani abu ya yi kauri a can ciki,
kamar gero in ya ɗauki ciki.

Ran kwana tamanin da huɗu, wata Laraba,
na ƙasa ya buɗe baki.
Ashe daga ƙasa suke farawa,
ɗaya bayan ɗaya, ba rige-rige,
kafin autan ya waye a can sama
na farin ya yi laushi, ya sunkuya.
Na kafa musu kara don iska.
Ya shafa zangarniyar da bayan yatsa,
ya ce, "Wannan ja ce."
Fara ce tas. Na ce, "Ja ce, Baba."
Ya yi dariya: "Tasalla, ba ki iya ƙarya ba."

Da asuba ake yanka,
kuma ko mai saye zai yi kuka
a bar wa gindi ganye huɗu.

Mako uku aka yi ana tsayar da mota.
Daga nan shiru.
Fangali ya koma kamar tsakar gida bayan suna.
Na jingine bokiti, ya ji ƙararsa:
"Ɗauki abinki. Yanzu ne take cin nata abinci."
Sai na ci gaba da shayar da abin da ba ya da kyan gani,
har ganye ya yi rawaya don kansa.

Mun tono su kafin zafi ya balaga.
Ƙarƙashin kowace sabuwa ga tsohuwar,
ta bushe, ta shanye kamar ɓawon goruba.
A inuwar bedi suka sha iska mako biyu,
sannan babban yatsansa ya yi musu shari'a:
mai tauri dama, mai laushi bola,
ko da ita ce ta fi yin fure.
Toka kaɗan saboda ƙwari,
buhun raga, a rataye jikin azara,
inda ɓera ba ya kai, gara ba ta hawa.
Shekarar da kogi ya shigo mana ɗaki har gwiwa
ya tafi da tabarmi da rediyo,
buhun nan kaɗai ya kwana a bushe.

Sauran ƴan ƙanana, kamar ƙwayar gujiya,
na tara zan watsar.
Ya riƙe mini hannu.
"Waɗannan sai shekara biyu, wataƙila uku."
Ban ce kome ba. Shi ma bai ƙara ba.
Ya lalubo gwangwanin madara,
ya zuba rairayi, yana ƙirgawa a hankali.
Arba'in da ɗaya.
Ya ce in rubuta a murfi, kada wani ya manta.