Zanen Gadon Uwani

Da zanen gadon Uwani muka fara,
wanda ya koɗe a tsakiya, ya yage a gefe.
Ilu mai fenti ya durƙusa a soron Tanimu
da ragowar shuɗin ƙofar wani attajiri
ya rubuta: RUWA MUKE SO.
Harafin ƙarshe ya zubo kamar hawaye,
muka bar shi haka.

Mu goma sha tara ne ranar,
har da mai kura da ya gaji da tura tsada.
Muka kaɗa jarkoki daga Kurna har Ƙofar Ruwa,
ƙofar da sunanta kaɗai ke da laima.
Wanda bai sani ba ya sani:
jarkar da ba komai ta fi ganga amo.

Mako na uku mun haura ɗari huɗu.
A nan ne mota mai baƙin gilashi ta tsaya,
turaren mai ita ya riga shi saukowa.
Ya dafa ƙirji, ya ce, "Kukanku nawa ne."
Washegari na ɗaya ɓangaren ya iso,
shi ma, ashe, kukanmu nasa ne.
Ban taɓa sanin kukan talaka
na da magada da yawa haka ba.

Suka kawo kyalle bugun inji, mai sheƙi,
fuskar mutum ta cinye kamu uku,
kalmar ruwa na can ƙasa, kamar ƙwayar gero.
Riguna. Kuɗin mota.
Ruwan leda buhu hamsin.
Mun sha, ba zan yi ƙarya ba,
maƙogwaro ba shi da katin jam'iyya.

Daren Laraba soro ya cika.
Tanimu ya ce, "Sai da ɗan gari akan ci gari.
Daga waje ihu ne, daga ciki sa hannu.
Ku bar ni in shiga."
Barira ta gyara mayafi:
"Kaza ma ciki take shiga,
cikin tukunya."
Aka yi dariya, ba kowa ba.
Ilu yana ta ƙanƙare fenti daga farcensa,
har muka watse bai ɗago kai ba.

Yanzu Tanimu na da ofis da firji,
mai ba da shawara ne a kan ƙishinmu.
Ba zan zage shi ba.
Shi ya biya kuɗin aikin idon gyatumar Ilu,
shi ya kawo burtsatse guda,
ko da yake a ƙofar gidan shugaban mazaɓa aka haƙa ta,
allon sunan mai taimako ya fi famfon tsayi.
In mun haɗu a masallaci
yakan riƙe hannuna ya daɗe,
ya ce, "Ana kan magana."
Tafinsa ya yi laushi.

Rabinmu sun bi wancan, sulusi sun bi wannan,
a layin rijiya ba sa gaisawa.
Jarka dai tana nan yadda take,
farashinta ne kawai ya samu ci gaba.

Jiya Uwani ta aiko jikarta
a ba ta zanenta.
Muka same shi a bayan buhunan gawayi,
gara ta ɗanɗana gefe guda ta bari.
Na kai mata da kaina, na ce ta yi haƙuri,
fentin mai ne, zai yi wuyar fita.

Ta warware shi a tsakar gida, ta kalle ni.
"In wanke? Da wane ruwan?
Nemo mini gora biyu."

Asabar za mu fita.
Na ƙirga ɗazu, mu goma sha ɗaya ne,
in Ilu ya zo, sha biyu.