Muryar Kan Falwaya

Ni ce muryar da ke kan falwaya
a ɗan garinmu na bakin teku, can arewacin Japan.
Ni ke faɗin guguwa, ni ke faɗin girgizar ƙasa.
Yau huɗu da kwata aka miƙo mini takarda:
ƙasa ba ta motsa ba, teku na kwance,
tsohuwa ɗaya ce ta buɗe ƙofa ta fita.

Irin wannan a hankali ake karanta shi,
kalma, sai a dakata,
kada amsa-kuwwar duwatsu ta haɗiye ta gaba.

"Jama'a, ana cigiya.
Mace, shekara tamanin da uku.
Gajera. Furfura har ƙeya.
Rigar sanyi ruwan toka, silifas na ɗaka,
tana riƙe da jar lema."

Babu suna a takardar, haka muke yi a ofis.
Amma jar lema, ranar da ko hadari babu?
Gabana ya faɗi. Fusae Odagiri ce,
wadda ta shekara talatin tana tsallakar da mu titi
muna 'yan firamare, majina a hanci.
Ita da ta san sunan kowane yaro da na kakarsa,
yau nata ya sulluɓe mata
kamar ɗanyen kifi a jiƙaƙƙen hannu.

Gari ya amsa.
Mai awara ya sauke kasko bai gama suya ba.
Masunta suka haska ƙarƙashin gada.
Yaron da ke raba jarida ya bi gonakin shinkafa da keke.
Ɗanta Tsutomu, shi ma da tasa furfurar,
yana ta ƙwala kira,
ya san ko ta ji ba za ta gane mai kiran ba.

Rana ta yi ja. Sanyi ya fara cizo.
Ƙarfe biyar na saki kiɗan da muke saki kullum,
wanda ke ce wa yara su koma gida.
Ban taɓa jin nauyinsa ba sai yau.

Shinpei, direban bas, shi ya gan ta
a mashigar makarantar da aka rufe tun tuni,
ciyawa ta cinye filin wasa,
ita ko ta ɗaga lema, ta tsayar da motarsa.
Ya taka birki.
Ya jira, har yaran da ita kaɗai ke gani
suka gama tsallakewa.
Sannan ya sauko, ya miƙa mata hannu:
"Saura ni. Ki tsallakar da ni."

"Jama'a, an ga wadda ake cigiya.
Tana nan lafiya. Mun gode."

Na kashe lasifika, na kira mahaifiyata.
Ta tambaye ni ko na ci abinci.
Na ce na ci.
Muka taɓa hirar sanyi, da tsadar kananzir,
sai ta ce: "Af, kin ci abinci kuwa?"