Makin Kwana

Dare arba'in da bakwai na yi a otal-otal ɗin Abuja,
kowane ɗaki labulensa iri ɗaya,
sabulunsa ɗan mitsitsi kamar ƙwayar magani.
Wayata na ƙirga su, wai maki ne.
A ɗaya cikinsu Hindatu ta fara tatata, ban gani ba.
Shi ma an ƙirga.

Yau na zazzage asusun kaf:
kwana biyu a gidan gonar alfarma, bayan Vom,
inda sanyi ke gangarowa daga duwatsu
ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa ba sallama.
Bargo uku, murhu, tagar gilashi mai kallon garke.

Da asuba wani yaro, Davou, ya miƙo mini ƙwarya.
"Oga, ka taɓa tatsa? Yana cikin kuɗin ɗaki."

Na tsuguna.
Hannuna ya riga ni tunawa.
Kakana Bappayo bai taɓa biyan ko anini
don ya shaƙi warin kashin shanu ba.

Saniyar ta waiwayo, ta dube ni,
ta ci gaba da tuƙa.

Saura maki ɗari da sha ɗaya.
Ko shayi ba su isa ba.