Haruffa Huɗu a Cikin Fulawa

A Scarborough, inda teku ke tashin gari da asuba,
kakana Clifford yana da gidan burodi,
ƙofa shuɗiya, taga na kallon jiragen masunta.
Ina 'yar shekara bakwai na shigo masa da kuka,
littafina ya sha jan biro har wuri tara.

Bai lallashe ni ba.
Fulawa ya barbaza a kan tebur,
ya sa ɗan yatsa ya zana
o, u, g, h.
"Hester, ga 'yan ɗaki ɗaya," in ji shi,
"riga ɗaya suka sa, amma kowa da muryarsa."

Ya ɗora d a gaba, ya ce dough,
ya gutsuro ƙullun da ke kumbura
ya ajiye mini a tafi, da ɗuminsa.
Ya share, ya sa r, ya ce rough,
ya goga mini bayan hannunsa a kunci:
kaushi ke nan,
kaushin shekara arba'in a bakin tanda.
Bough reshe ne, ga na tuffa can yana leƙen katanga.
Plough garma ce, irin wadda ubansa ya bi
har bayansa ya ranƙwafa.

Na ce, "Kaka, kunnena ya ƙi yarda da idona."
Ya yi dariya har fulawa ta tashi.
"Kama da wane ba ta wane, yarinya.
Dubi sunan garinmu ma, suna maƙale a wutsiyarsa,
can sun yi laƙwas, kamar mai ajiyar zuciya."

Kullum bayan makaranta ɗaya muke ɗauka.
Through, ratsawa,
yadda haske ke ratsa ɓawon burodi in ka ɗaga shi.
Thought, tunani,
abin da ke sa shi tsayawa da wuƙa a hannu
ranar da aka ambaci kakata.
Drought, fari, bai taɓa ganinsa sosai ba,
garin da ruwa ba ya jin magiya.

Akwai guda da bai koya mini ba.
Ita ta koyar da kanta,
da sanyin shekarar da na cika goma sha ɗaya:
cough.
Tari daga ɗakin sama, tsakar dare,
tari a kan matakala,
farin ƙurar da ya shaƙa tun yana saurayi
ta zo karɓar bashinta.

A asibiti na kai masa burodin da na gasa,
ya ƙone ta gefe, tsakiya bai nuna ba.
Ya ci loma biyu ya ɗaga hannu.
Enough, ya ce. Ya isa.
Har yau ban san ko burodin yake nufi ba.

Yanzu ni ke kunna tandar ƙarfe huɗu na dare.
Bayan hannuna ya fara kaushi.
Wani lokaci, kafin in murza,
nakan zana haruffan nan a cikin fulawa,
in sa musu t da h a gaba:
though,
ko da yake.
Ita na fi so duk cikinsu,
don ba ta taɓa rufe zance.
Ya tafi, ko da yake