Rabin Kilo

Shekara goma sha ɗaya nake tara ta a Wolverhampton,
loma-loma, ba ranar da na ji nauyinta:
biskit ɗin ƙarfe ukun dare a gidan kula da tsofaffi,
soyayyen dankali a bakin tashar bas,
shayi mai suga cokali huɗu don ido ya ƙi rufuwa.
Ta shigo a sace, kamar gara a gindin rumbu,
sai ran da zanen da na zo da shi daga Funtuwa
ya tsaya rabin ƙugu, ya ƙi ƙarasawa.

Na ce: kwana goma!
Wata a waya ta ce tana da shayi,
kilo goma a kwana goma, ko a mai da kuɗi.
Fam arba'in na tura mata.
Na kife tukunya, na jingine muciya,
ruwan zafi da lemon tsami, safe da maraice,
cikina na kuka irin na kwaɗin fadama,
ina ce masa: yi shiru, gyara ake yi.

Rana ta shida, a matakalar bas mai bene,
ƙasa ta taso ta tarye ni.

Sista Verna ce ta karɓe ni a asibiti,
tsohuwa 'yar Jamaika, tabarau a ƙarshen hanci.
Ta ce, "Bara'atu, shekara nawa kika yi kina tarawa?"
Na faɗa mata.
Ta ce, "Bashin shekara sha ɗaya za ki biya a mako guda?
Abin da ya sauka ruwa ne, da ɗan tsokar jikinki,
zai dawo, kuma da danginsa zai dawo.
Rabin kilo a mako. In ya yi yawa, ɗaya.
Ki ci abinci, 'yata. Ki dai san bakin farantinki."

Rabin kilo!
Abin da mahauci ke yanka wa mai ƙaramin ƙarfi.
Na fito ina ƙunƙuni cikin yayyafi,
sai a bas na buga lissafi da yatsu:
mako hamsin da biyu a shekara.
Na yi shiru.
Ashe sauri ne ke haifar nawa.

Tuwo yana nan, ban yi masa saki ba,
malmala ɗaya ce dai maimakon biyu,
ganye ya ƙwace rabin faranti.
Suga ya sauko daga huɗu zuwa biyu, yana turjiya.
Nakan sauka tasha biyu kafin gida,
in bi gefen magudanar ruwa, inda agwagi
ke kallona kamar sun san sirrina.

Akwai makon da sikeli ke yin kunnen ƙashi.
Akwai Sallar da na ƙaru, har da ɗori,
na ci naman, ban zagi kaina ba,
Litinin na koma kan hanya.

A wurin aiki akwai Mista Pritchard,
shekara casa'in, da sandarsa mai ƙafa huɗu.
Daga ɗakinsa zuwa tagar da rana ke faɗowa
minti ashirin yake yi.
In na miƙa hannu, sai ya ture shi:
"Bari, yarinya, ai tagar ba gudu take ba."
Kullum kuwa sai ya isa.

Yau wata bakwai.
Kilo goma sha ɗaya, ba ashirin ba.
Gwiwata ta bar gunaguni a matakala,
ina kai ruku'u ba tare da nishi ba.
Jiya na ciro zanen Funtuwa daga ƙasan akwati,
yana ƙamshin turaren da ya kwana shekaru.
Na ɗaura.
Saura taƙi guda bakinsa ya haɗu.

Na ninke shi, na mayar.
Asabar ma rana ce.