Jinjirin Wata a Yatsa

Shekara ashirin da shida a Ƙofar Guga
ina buɗe cikin agogon mutane.
Tebur guda, gilashi a ido, gwangwanin ƙusoshi,
amma babban makamina farce.

Da shi nake ɗaga murfi,
da shi nake tsamo batir kamar ƙwayar gero.
Ban saye shi ba, ba ya tsatsa,
ban taɓa gode masa ba, na mance.

Sai ya soma ramuka ƙanana
kamar gara ta kwana a kansa.
Ya yi kauri, ya yi launin tsohuwar takarda,
ya saki nama ta gefe,
in na taɓa murfi ya marmashe, ya lalace.

Fata ta ce ba a bar ta a baya ba:
gwiwar hannu, ƙeya, gadon baya,
ja a ƙasa, farin ɓawo a bisa.
Da safe Uwale ta kakkaɓe zanen gado
kamar an yi tankaɗe a kai. Ba ta cewa komi.
Ni na kwana susa, duk na karce.

Wani ya ce kirci. Wani ya ce sammu.
Wani bai ce ba, ya dai janye hannu
a bakin masallaci bayan La'asar,
ya dafa ƙirji, ya kauce.

Na sha sassaƙe, na yi wanka da bedi,
na shafa man kemis har bututu tara.
Ya lafa kwana goma, ya dawo da 'yan rakiya,
ciniki ya bi ta gabana ya wuce.

A babban asibiti Dokta Murjanatu
ta kama yatsana, ba safar hannu.
Wannan kaɗai ya kusa sa ni kuka.
"Soriyasis," ta ce. Sunan ya yi wa bakina nauyi.
"Ba kuturta ba ce, ba a ɗauka.
Sojojin jikinka ne suka rikice.

Allura za ta ce su sauke makami,
amma kafin mai gadi ya zauna
sai an duba ko ɓarawo na cikin gida."
Hoton ƙirji, jini kwalba uku,
tarin fuka, hanta. Aka ce na dace.

Kuɗin ne ban dace ba.
Babur ya tafi hannun dillali a Sabuwar Unguwa,
ƙanena Sabi'u ya cika daga Funtuwa.
Na koma gida a ƙasa da maraice.

Magani mai son sanyi, gida ba wuta!
Badamasi mai sola ya ba ni kusurwar firji,
"Ban da wajen ƙanƙara," na ce masa sau uku.
Can take, tsakanin zoɓo da kunun aya,
babur ɗina guda a kwali, a kwance.

Nas ya koya mini: goge cinya,
tsunkulo fata, danna, ƙirga goma.
Ni da ke ɗora hannun sakan ba rawa,
ranar hannuna ya firgice.

Fata ta fara amsawa.
Mako shida, Uwale ta kakkaɓe zane, ta sake kakkaɓewa,
ta dube ni. Duhun tabo ya rage, ɓawo ya ɓace.

Farce ko gezau.
Na koma da ƙorafi, Dokta ta yi dariya:
"Mannir, kai da ka san agogo?
Fata hannun minti ce, farce hannun awa.
Wa ya taɓa ganin tafiyarsa? Ka huce."

Wata na huɗu, muna cin tuwo,
ɗiyata Saddiƙa ta riƙe babban yatsana:
"Baba, an ga wata!"
Siriri, sumul, a gindin ruɓaɓɓen,
sabo yana turo tsoho a asirce.

Ba a ce na rabu da shi ba.
Tsohon agogo ne ni, sai ana murɗawa,
na zagaye ranar allura a kalanda,
kuɗin ta gaba kuwa, wannan wani zance.

Jiya dai wani direba ya miƙo nasa.
Na ajiye wuƙar da na yi shekara uku ina aro,
na sa yatsa a bakin murfi.
Ƙas!
Shi bai ji komi ba. Ni na ji farce.